Ƙwaryar Bayan Rumbu

"Inna, don mi Rufaida ta ce in ta ci tuwon gidanmu sai ta wanke baki sau bakwai?"

Nasiba ce ta yi tambayar, ɗiyata, shekararta bakwai. Ita ce ta fari, amma ni ban iya kunyar ɗan fari ba, sunanta nake kira kowa na ji. Tana tsugune gaban kwano, hannunta cikin miya. Ba ni kaɗai na ji ba. Kaka Zinariya, kakar maigidana, na zaune kan tabarma kusa da mu tana tsinkar ganyen zogale.

"Ci abincinki," na ce.

"Ta ce babanta ya ce mu azna ne, dutse muke ma salla. Inna, muna da dutse?"

Kaka ta ture faifan gefe, ta dafa bango ta miƙe, ta shiga ɗaki. Ko kallona ba ta yi ba. Da ma zagina ta yi.

Ni na jawo abin, don haka bari in faɗe shi yadda ya faru.

Ni malamar kwantaragi ce a lakwal ɗin ƙauyenmu, wato firamare, kusa da Tama. Shekara biyu ke nan ina neman lisansi, wato digiri, a wata babbar makaranta a Tawa, don in samu koyar da Faransanci da Ingilishi a koleji. Duk ƙarshen wata nakan shiga mota daga Buza, in yi kwana huɗu can in dawo. Cikin darussanmu akwai na harsuna da fahimtar al'adun juna. Malam Mahfuzu ke ba da shi, mutum mai kirki wanda ya yi karatu waje kuma ba ya raina ɗalibi. Shi ya koya mana cewa in kana magana da Bature ka dube shi cikin ido, in ba haka ba zai ɗauka ƙarya kake. In ya ce ya ƙoshi, to ya ƙoshi, kada ka ƙara mishi tuwo. Muna dariya muna rubutawa. Na so darasin nan, ba zan ɓoye ba.

Ajinmu na hulɗa da wani aji na wata jami'a a Turai. Sai Malam ya ba mu aiki: kowa ya ɗauko bidiyo na minti biyar da salularsa kan wata al'ada ta garinsu, ya sa fassara a ƙarƙashi da Faransanci da Ingilishi. Wasu sunka ɗauko suna, wasu kokawa, mata huɗu dakan fura. Ni na so in fi su.

A garinmu in damina ta gabato, mata kan ƙulla irin hatsi ɗan cikin hannu a tsumma. In za su rijiya sai su bi ta bayan gidanmu, su jefa shi a wata tsohuwar ƙwarya da ke ƙarƙashin rumbu. Ba sallama, ba waiwaye. Kaka ta kwashe ƙulle-ƙullen, ta kai gindin wani dutse a bakin tudu, ta yi maganganun da ubanta ya koya mata, ta maido su ƙwarya. Kowacce ta san tsummanta. Ta ɗauka, ta zuba cikin irin gidanta. Maza sun sani. Liman ya sani. Kaka kuwa tana salla, tana azumi, ba ta fashin gaisuwar mutuwa. Shekara takwas ina gidan ban taɓa jin an ambaci ƙwaryar nan da baki ba, kuma ban taɓa tambayar kaina dalili ba. Na ɗauka mai tambaya ne aka rasa.

Tsakanina da Kaka akwai wasa, tunda matar jikanta ce ni. Na same ta da hantsi tana shan inuwa, na faɗa mata abin da nake so.

"Madan mai biro," in ji ta, sunan da take tsokanata da shi ke nan, "mi za ki yi da maganata?"

"Karatu ne, Kaka. Ki hwaɗa, in kai ma malaminmu."

"Karatun ya ƙare ma masu shi, an dawo ga tsohuwa marar haƙora?"

Malam ya ba mu takardar neman yarda, ya ce kada mu ɗauki kowa sai mun karanta mishi ita. Na karanta mata da Hausa, layi bayan layi, ban tsallake komi ba.

"Su wa za su gani?"

"Nasaru, can ƙasarsu. Sai ƴan ajinmu."

"Nasaru ba su da gona nan. Su gani."

Na shafa mata tawadar biro a babban yatsa, ta dangwala. Na ce Nasiba ta zauna kusa da ita ta riƙe ƙwaryar, don hoton ya yi kyau. Ranar Kaka na cikin nishaɗi. Ta yi bayani tiryan-tiryan, sannan ta dubi salula ta ce, "Kada ki ga suna wuce ni da tasbaha. Tun daga gidan Maigari har gidan da ke jikin masallaci, babu wanda tsummanshi bai kwana cikin ƙwaryag ga ba." Na yi dariya. Yini biyu na yi ina gyara fassarar wannan magana cikin harsuna biyu.

Na samu maki sha takwas bisa ashirin. Anka haska shi a bangon aji, ɗaliban Turai na kallo daga can, wata cikinsu ta ce tana so ta ga tsohuwar nan ido da ido. Malam ya sa shi a gurup ɗin ajinmu na Wasap, ya ce kowa ya yi koyi. Mu sittin da biyu ne a gurup ɗin.

Bayan sati uku Illa, baban Nasiba, ya kira daga Abijan inda yake cin rani.

"Sakina, mi na gani cikin gurup na ƴan garinmu?"

Ya turo mini. An yanke shi ya koma minti guda. Ba bayanin farko, sai maganar gidan Maigari da masallaci, sai fuskar ɗiyata tana murmushi da ƙwarya a cinya. Wani da ban sani ba ya ɗora muryarsa a kai yana salati, yana cewa a dubi yadda ake koya wa ƴaƴan Musulmi shirka a Adar.

Illa ya ce, "Ina zan sa kaina nan? Mu goma sha ɗaya ke kwana ɗaki guda, kowa ya gani."

Daga salular mazan da ke Abijan bidiyon ya dawo salular matansu, daga nan ya bi gari gida-gida.

Washegarin tambayar Nasiba na tafi wajen Ramatu, uwar Rufaida. Tare munka yi goyon ƴaƴan nan, gidansu ne ke jikin masallaci. Na same ta tana surfe. Ba ta ajiye taɓarya ba.

"Ramatu, ke ma?"

"Ni ma mi?"

"Tsummanki shuɗi ne, mai ɗigon hwari. Ni ke share bayan rumbun nan."

Ta waiga ta dubi zaure, ta rage murya. "To sai ki tahi kasuwar Buza ki yi shela, tunda kin iya. Sakina, shekara nawa muna yin abinmu, wa ya taɓa jin kanmu? Baban Rufaida shina ganina ina ƙulla iri, shina kau da kai. Yanzu abokanshi sun tare shi bakin masallaci, sun ce gidanshi anka nuhi. Mi kike so shi ce? Dole shi rantse bai sani ba. Wanda ya rantse kuwa, ɗiyarshi ba ta cin tuwon gidanku."

"Yarinyar mi ta yi?"

"Ke kinka ba ta ƙwarya ta riƙe, ba ni ba."

Ta ci gaba da surfenta. Na tsaya kaɗan, na fita.

Ban jira ƙarshen wata ba. Na roƙi diraktan lakwal kwana biyu, na shiga mota zuwa Tawa. Malam Mahfuzu ya kalli guntun bidiyon sau biyu, ya cire tabarau ya riƙe kai. Gaskiya abin ya dame shi. A gabana ya goge na gurup, ya rubuta wa ƴan Turai su ma su cire nasu, sunka cire cikin awa guda tare da ban haƙuri mai tsawo. Ya aika wa ƴan aji saƙo cewa wanda ya fitar da shi ya ci amana. Kowa ya ce ba shi ba ne.

"Mushe," na ce, yadda muke kiran malamai da Faransanci, "to na cikin salular mutane fa?"

"Wannan, Madan, ba ni da iko da shi."

"Wa ke da iko?"

Sai ya jawo takardar yarda daga cikin kwali, da yatsan Kaka a kai, ya ce aƙalla mun bi ƙa'ida. Na ce ƙa'idar ba ta zaune a garinmu. Ya ce ko in ɗauki wani bidiyon in yi cikakken bayani, don mutane su fahimci tarihin abin. Na ce mutanen sun fi ni sanin tarihin, da ni da shi duka. Daga ƙarshe ya ce, in na yarda, wannan zai zama babban misali ga ɗaliban baɗi, ba tare da an faɗi suna ba. Da kyakkyawar niyya ya faɗa. Na ɗauki jakata.

A hanya, mota na hawan duwatsun nan na kafin Buza, na yi ta juya abin a raina. Wata takwas ana koya mini yadda zan zauna da mutanen da ke bayan teku. Matar da muke jan ruwa rijiya guda kuwa, ban san abin da shirunta ke riƙe da shi ba.

Na je gaida Maigari. Ya karɓe ni a zaure, ya tambayi karatu, ya tambayi labarin Abijan. Da na taɓo maganar sai ya ce shi bai san wata ƙwarya ba, kuma abin da ya yi zafi a bar shi ya huce. Na gode, na tashi.

A lakwal ina da ɗan iko, sai na gwada shi. Nasiba na ajina. Na ce Rufaida ta koma benci ɗaya da ita kamar da. Ta koma, ta zauna can ƙarshe, rabin jikinta a waje, har allonta na faɗuwa. Na tsawata. Ta matso, ta bar tazarar tafin hannu, tana kuka ba sauti. Ita ma shekararta bakwai. In anka fita hutun ƙarfe goma kuwa, ba ni da benci a fili. Ta taga nake ganin Nasiba tsaye jikin iccen bedi, riƙe da ƙullin gyaɗar da na ba ta don ta raba. Tana miƙawa, suna ɓoye hannu a baya. Rana ta uku ta dawo da gyaɗar, ta ce in daina ba ta, ta yi yawa.

Na ce wa kaina yara ne, za su manta. Wata guda ya wuce. Nasiba ta daina zuwa dandali. Ta fara fitsarin kwance, abin da ta bari tun tana shekara uku. Malamin islamiyya bai kore ta ba, sai dai kullum ita yake tayarwa ta maimaita kalmar shahada gaban sauran, wai don ya wanke ta. Ta iya, tana faɗa da ƙarfi, suna dariya.

Ruwan farko ya sauka, gari ya fita shuka. Ƙwarya na ƙarƙashin rumbu, ba wanda ya bi ta wajen. Kaka ba ta fita ba. Ranar ce ta fara yi mini magana mai tsawo tun da abin ya faru, kuma ba ta kira ni Madan ba.

"Sakina, ni na ci zamanina, su ce abin da sunka so. Ɗauke yarinyag ga daga nan."

"In kai ta ina, Kaka?"

"Kina da uwa."

Innata na Galma. Na kira Illa, ya ce in yi yadda na gani. Na wanke kayan Nasiba, na haɗa mata littafinta da allonta da takalman salla. Ran kasuwar Madawa na kai ta da kaina. A mota ta tambaye ni ko kwana nawa za ta yi, na ce sai an yi hutu. Ban faɗa mata wane hutun ba, don ni ma ban sani ba. Inna ta karɓe ta, ta goya ta kamar jaririya tana mata kirari. Da na zo tafiya sai Inna ta raka ni bakin hanya, ta ce maƙwabciyarta ta riga ta tambaye ta ko jikarta ce anka gani cikin salula. Ta ce mata ba ita ba ce, kama ce. Ta ce in yi addu'a matar ta yarda.

Na dawo gida ni kaɗai. Jibi zan koma Tawa, akwai jarrabawa, kuma ba zan fasa ba, don in na fasa ban san abin da na saya da ɗiyata ba.

Ke da ke karatu, ko kai, wata rana malami zai ce ku kawo al'adar gidanku aji. Ba mugu ba ne, kuma za ku so ku burge shi. In kun tarar da abin da duk gari ya sani amma ba wanda ke faɗa, kada ku zama na farkon faɗa. Yardar tsohuwa ɗaya ba ta isa ba, don ba ita kaɗai ke da abin ba. Ku mai da salula aljihu, ku je ku ɗauko dakan fura. Sha biyu bisa ashirin ma ci ne.