Kirsimetin da Ba a Yi Yanka Ba

Wani dare cikin watan Disamba, Baba Kambai ya ji jirgin ƙasa ya yi kuka a bayan ɗakinsa. Kuka ne siriri mai tsawo, irin wanda jirgi kan yi tun daga nesa idan ya doso Kafanchan, masu tallan lemo su fara ɗaukar farantansu. Kambai ya yi aikin reluwe tun yana saurayi har ya yi furfura, saboda haka bai yi wa kunnensa gardama ba. Ya laluba takalmi ya fita da tocila. Bai ko tuna cewa layin dogo yana nesa da unguwarsu ba, kuma an daɗe ba a ji motsin jirgi a kansa ba.

Ba jirgi ya tarar ba. Bunsurun da matarsa Edna ta sayo daga Kagoma don Kirsimeti ne, kwance a gindin mangwaro yana barci. In ya ja numfashi shiru, in ya sake sai hancinsa ya yi fito. Kambai ya tsuguna yana saurare har ƙafarsa ta mutu. Duniya ba ta rasa abin mamaki. Na taɓa ganin kaza mai cara, na ga doya mai kama da hannun mutum har da yatsu, amma bunsuru mai kukan jirgi ban ji labarin na biyunsa ba.

Da gari ya waye ya raɗa masa suna Jirgi, ya kawo masa ɓawon doya. Yana kallonsa yana ci sai ya tuna da Malam Misbahu, maƙwabcinsu mai sayar da hatsi a kasuwa. Kowace Kirsimeti shi ake kira ya yi yanka, domin gidansa da sauran Musulmin unguwa su ci nama hankali kwance. Kuma Misbahu ba ya makara, wuƙarsa ma ba ta san wasa ba.

Kambai ya san ba zai iya ce wa Edna a bar bunsuru saboda minshari ba. Sai ya ɗauki waya ya kira ’yarsu Clara, wadda ke aikin nas a Kaduna. Ta daɗe tana yi masa faɗa a kan hawan jini, shi kuma yana ce mata kakansa ya ci kitse har ya ga jikan jikansa.

“Clara, abincin nan na lafiya da kike ta magana, faɗa mini yadda ake yi.”

“Baba, lafiya? Ka faɗi ne? Ba wa Mama waya!”

“Ban faɗi ba. Hankali na yi.”

Clara ta yi ta godiya ga Ubangiji, sa’an nan ta jero masa. Faten acca, ba mai ko ɗigo: a rege accar sosai, a tafasa ruwa da daddawa, albasa, tattasai da gauta, a zuba niƙaƙƙiyar gyaɗa, yakuwa ta shiga daga ƙarshe don kar ta mutu. Gishiri ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka. Kwaɗon zogale. Busasshen kifi in an ga dama. Zoɓo da citta, a sa abarba a maimakon sukari. Jan nama kuwa a ba shi hutu.

“Maimaita na ƙarshen,” in ji Kambai, ya ƙara sautin waya yadda Edna za ta ji daga bakin murhu.

Edna ta ji. Ta ajiye muciya ta zo ta tsaya a kansa.

“Baban Clara, kai ne? Kai da kake tsame kitse a tukunya kafin miya ta nuna?”

“Mutum yana tuba, Maman Clara. Fasto ma ya ce jiki haikali ne.”

“Fasto ya faɗi wannan tun muna amarya da ango, sai yau ya iso kunnenka?”

Ta bi idonsa da kallo, ta ga inda ya sauka: gindin mangwaro. Ta yi murmushi, irin wanda ’yan Zumuntar Mata ta majami’arsu ke tsoro in za a raba aiki.

“To, na yarda. Bana ba yanka. Amma daga yau ne, ba sai ranar Kirsimeti ba. Ran da na ga nama a bakinka, ko na ji ƙanshinsa a rigarka, ran nan zan aika a kira Malam Misbahu.”

Haka Kambai ya shiga wahalar da ya saya da bakinsa. Ya canja hanyar zuwa majami’a don kar ya bi ta gaban mai tsire. An yi bikin aure a Fadan Kaje, aka kawo masa nama har da ƙashi mai ɓargo, ya ce azumi yake yi, alhali cokalin shinkafa na hannunsa. In ya dawo gida Edna ta karɓi hularsa ta sansana. Ana haka kuma sai ga abin da bai zata ba: ciwon kan da ke tashinsa da safe ya ragu, takalminsa ya daina matsa shi. Bai gaya wa kowa ba, don kar Clara ta ji ta yi girman kai.

Ranar Kirsimeti aka dawo daga sujada, Edna ta sauke babbar tukunyar fate. Kwanuka suka fara zirga-zirga a unguwa kamar yadda aka saba, nasu ya tafi, na wasu ya zo. Duk kwanon da ya shigo da nama, Edna ta buɗe shi a gaban Kambai, ta bar tururin ya dake shi, sa’an nan ta rufe ta ajiye wa baƙi.

Can da rana sai ga sallamar Malam Misbahu. Bai zo da wuƙa ba. Faranti ya riƙo an rufe da kyalle, fuskarsa cike da tausayi. Shi a lissafinsa, tun da ba a kira shi yanka ba kuma ga bunsuru a ɗaure, to fansho ne bai fito ba, sayar da dabbar za a yi.

“Maƙwabci, barka da Kirsimeti. Yau da gobe sai Allah, ba sai ka ce mini komai ba. Matata Sa’adiya ce ta gasa maka da hannunta.”

Ya yaye kyallen. Cinyar rago ce, ta sha yaji, mai yana naso a jikinta. Ya zauna a kan benci, ya yanko tsoka ya miƙa.

“Bismilla. Ba zan tashi ba sai na ga ka ci.”

Edna ta jawo kujera ’yar tsuguno ta zauna kusa, ta harɗe hannu.

“Ka ci mana, Baban Clara. Za ka mayar da hannun Malam baya ne?”

Kambai ya karɓi tsokar. Ya dube ta, ya dubi gindin mangwaro. Ƙin abincin maƙwabci ranar biki ba ƙaramin abu ba ne, mutane sun daina gaisawa a kan abin da bai kai haka ba.

“Malam, likita ya hana ni.”

“Wane likita? Ni ma ya hana ni, jiya na ci kan saniya. Ci, in ya so ka sha magani.”

“Ci, ci,” in ji Edna. “Malam, wuƙarka tana kusa ai?”

Nan Kambai ya mayar da tsokar cikin faranti, ya kama hannun rigar Misbahu.

“Taso ka ji wani abu. In ka ji, sai ka yi mini hukunci.”

Ya ja shi gindin mangwaro ya gaya masa gaskiya duka, har da sharaɗin Edna. Misbahu ya yi dariya har hularsa ta karkace.

“Wato saboda minsharin akuya ka hana unguwa nama? To sa shi ya yi mu ji.”

“Sai ya yi barci.”

Bunsuru kuwa ba shi da niyyar barci. Ya ci ganye, ya yi tuƙa, ya kalli dattawan nan biyu kamar su ne abin kallo. Edna ta gaji da dariya ta kawo musu fate a kwano ɗaya da cokula biyu. Misbahu ya ɗanɗana da ƙyar, ya ce ba mai. Ya ƙara cokali ya ce gishiri bai ji ba. Bai daina kushe ba har ya ga gindin kwano, ya tambaya ko da saura a tukunya. Edna ta ƙaro musu, har da zoɓo.

Sai da inuwa ta juya Jirgi ya naɗe ƙafafu, ya ɗora kai a kan saiwa. Ya ja numfashi, ya sake, sai ga kukan jirgi.

Cokalin Misbahu ya tsaya a hanya. Mahaifinsa goro yake sayarwa a tasha, shi kuma yana yaro yana riƙe masa faranti, da wannan kukan suke sanin ciniki ya zo. Ya saurara aka yi na biyu, aka yi na uku.

“Na Legas ne wannan,” ya ce a hankali.

“Na Fatakwal,” in ji Kambai. “Na Legas ya fi kauri.”

Suka ɗan yi musu da raɗa don kar su tashe shi. Daga baya Misbahu ya juya wajen Edna.

“Maman Clara, ki nemi wani mai yankan. Ni dai hannuna ba zai hau wuyan wannan ba.”

“Ba na neman kowa, Malam. Maganata tana nan inda na ajiye ta. Muddin bakin maigida bai taɓa nama ba, bunsuru ya yi ta busa har ya gaji.”

Ta ɗauki cinyar ragon ta yi ciki da ita, tana cewa ita likita bai hana ta komai ba. Kambai ya bi farantin da ido har labule ya rufe. Misbahu ya kurɓi zoɓo, citta ta kama masa maƙogwaro, ya yi tari. Ya dubi bunsurun, ƙato, lafiyayye, ko furfurar gemu bai fara ba.

“Wai ni, maƙwabci, bunsuru shekara nawa yake yi a duniya? Kar dai fate za mu riƙa ci duk Kirsimeti har sai ya mutu don kansa?”