Tuta a Ƙofar Banɗaki

Duk watan Janairu, Cleon mai aski yakan sake jera tutocin kwalejoji a bangon shagonsa, gwargwadon nasarar kowacce a wasannin ƙwallo na kifa-ɗaya-kwala. Bana da tsoho Odell ya zauna aski, sai ya hango tutar kwalejinsu, Pine Hollow, a can ƙarshe, jikin ƙofar banɗaki.

Ransa ya ɓaci. Shekara arba'in da ɗoriya yana ɗingishi da gwiwar da ya lalata a filin ƙwallon kwalejin nan.

"Cleon, wane irin wulaƙanci ne wannan?"

"Ba wulaƙanci ba ne, dattijo. Wasa nawa kuka taɓa ci a kifa-ɗaya-kwala?"

"A zamaninmu ai babu shi." Odell ya zaro hannu ya nuna zoben da aka ba su da suka zama zakarun ƙasa. "Wasa goma sha biyu, ba wanda ya kai mu ƙasa. Wannan fa?"

"Wannan 'yan jarida ne suka jefa ƙuri'a suka ba ku. Zaɓe kuka ci, ba ƙwallo ba."

Masu jiran layi suka tuntsire da dariya, suna ɓarar dafaffiyar gyaɗa.

Odell ya so ya kafa shaida, sai ya tuna abokan wasansa kusan duk suna maƙabarta. Ya fizge ƙyallen wuyansa, rabin kansa a aske, ya ɗingisa ya ciro tutar, ya naɗe ta a hammata.

Kafin ya kai bakin ƙofa, Cleon har ya rataye kalanda a ƙusar da aka ciro tutar.