Naman Watanda a Firiza

Warin ne ya fara tarbar Felicitas tun kafin ta tura ƙofar ɗakin gwaji. Kwana goma kacal ta yi hutun Kirsimeti a gidansu da ke unguwar Congo-Russia a nan Jos, amma da ta ɗaga murfin firiza sai ga cinyar saniya da ledojin kayan ciki, kowace da sunan mai ita. Akwatunan jininta kuwa suna jere a bakin taga, rana tana dukansu.

Jinin mutum tamanin da huɗu ne, duk ma'aikatan asibitin. Ita ta bi su ɗaya bayan ɗaya, wata guda bayan allurar korona ta biyu, don a auna ko jikinsu ya samar da kariya. A cikinsu har da Mama Lai'atu, mai wankin zannuwan gado, wadda ciwon suga ya cinye ta. Shugabar nas-nas ta yi alkawari: in takarda ta nuna allurar ba ta kama ta ba, za a cire ta daga ɗakin masu korona. In babu takarda, ranar Litinin za ta koma ɗakin. Motar da za ta kai jinin Abuja kuma yau da azahar take zuwa.

Ran Felicitas ya ɓaci. Ta samu Oga Chuwang, mai kula da sito, wanda ya haɗa watandar saniyar ma'aikata, yana shan shayi hankali kwance.

"Oga, wa ya taɓa mini firiza?"

"Haba Madam, happy new year tukuna. Nama ne zai lalace. Kayanki kuma, ai Jos ne, sanyin nan ma firiza ne. Naki kashi yana ciki, mun sa miki hanta."

Hanta! Mutumin da ya shekara ashirin a asibiti, ya san nama yana ruɓewa, amma jinin ɗan Adam bai kai masa darajar tumbin saniya ba. Ta koma ta kwaso ledojin, ta watsa su a tsakar baranda, da na likita da na akawu, ta bar shi yana ihun za a yi mata kwari, wato takardar tuhuma. Ya yi mata goma!

Kwalbar ɗibar jini ɗaya ce ta rage a aljihun tebur. Ta ɗauka ta nufi wurin wanki da sauri.

Mama Lai'atu ta ɗago daga baho, ta goge kumfa a zani. "'Yata, takarda ya fito?"

"Mama, ba ni hannunki. Jinin ya lalace, wani marar imani ya fitar da shi rana."

Dattijuwar ta miƙa mata hannun a hankali.

"Fararen akwati ɗin nan? Ni ne na kwashe. Oga ya ce in sa a taga. Na jera da kyau, har na goge su." Ta dubi baho. "Ya ba ni ƙafa biyu na miya."

Felicitas ta ɗaure mata dantse tana cizon leɓe. Sau uku tana neman jijiya, hawaye ya hana ta gani.