Bakin Magudana

Hadari ya haɗo ta bayan duwatsun Ra, baƙi ƙirin, garin kuwa ya ɗauki guɗa. Wata da watanni ba a ga ɗigo ba. Tsohuwa Salanieta kaɗai ce ba ta ɗaga kai sama ba. Idonta na kan tudun ƙasar da ke saman gidanta.

Shekarar ambaliya, mutanen ofishin ruwa suka zo da katafila, suka miƙe rafi ya zama magudana, suka tsotse fadamar da mata ke shuka gwaza. Da fari ya kama, wasu suka zo daga wani ofishin, da wata motar, suka toshe bakin magudanar da tudun ƙasar nan, wai a tare ko da ruwan cokali ne. Waɗannan ba su san waɗancan ba. Dukkansu dai sun ci kifinta, babu wanda ya ce an gode.

Ta iske ɗanta Waisake, mai unguwa, yana jera bokitai.

"Kai, ɗauki shebur ka buɗe toshiyar nan. Ƙasa ta yi tauri kamar siminti, ba za ta sha komai ba. Duk ruwan a kan matarka Litiana zai sauko."

"Haba Inna, yau ma faɗa? An sha kava a kan maganar nan gaban dattawa. Sai an sake zama."

"To kira zaman."

"Sai Asabar."

"Ka gaya wa hadarin ya jira Asabar? Wata tara na ɗauke ka, ban ce sai an zauna ba."

Ya yi dariya, amma ya kauce wa idonta. A zaman kava, abin shan da dattawa ke yanke shawara a kansa, mata ba su da baki, ita ma ta sani.

* * *

Litiana, matar Waisake, ko kwana bakwai ba ta yi da haihuwa ba.

"Tashi, 'yar nan. Coci za mu hau."

"Inna, ƙafafuna..."

"Jingina da ni. Kya biya ni in na gaza."

Suka kama hanyar tudu, jaririyar a ƙirjin tsohuwa. Ɗigon farko ya faɗo, babba, mai ɗumi. A ƙasa, dab da gindin toshiyar, mutanen gari suna rawa, bakinsu a buɗe yana kallon sama.