Ladabin Dandalin Iyaye

Ba abin da ke riƙe al'umma kamar ladabi, kuma ba inda ladabi ya samu gindin zama kamar dandalin intanet na iyayen yaran makarantar su Auta. Yayan mijin Maman Auta ne ke kula da shi, tsohon ma'aikaci da ritaya ta raba da ofis, Allah Ya musanya masa da ikon goge maganar mutane.

Maman Auta nas ce. Wata rana ta taso aiki da wuri, ta ga direban motar makaranta ya sauke 'yarta a tsallaken babban titi don ƙyuyar zagayowa. Yarinya tsaye da jaka, tireloli na wucewa. Ta tsallako da ita, suna isa gida ta rubuta ƙorafi a dandalin. Kafin ta cire takalmi an goge.

Ta buga wa yayan mijin nata waya.

"Yaya, ina maganata?"

"Maganarki ba sallama, ƙanwata. Kin faɗo wa mutane kamar tashin gobara."

"Ai gobarar ce! 'Yar ƙaninka fa ake saki a bakin titi!"

"Shi ya sa. Kada a ce na yi son kai."

Ta sake rubutawa da sallama. Aka goge: ta ambaci direba, bawan Allah kuma ba ya dandalin balle ya kare kansa. Ta cire direba, aka goge, wai mota ba ta tuƙa kanta, duk mai hankali ya san da wa take.

Ta haɗiye zuciya. Ta gaishe da shugabar makaranta, ta yaba wa malamai, ta yi wa sabon fentin aji addu'a, sannan can ƙasa ta roƙi a duba batun titi. Wannan karon Yaya bai goge ba. Gyara ya yi, ya datse ƙasan. Iyaye suka yi ta sa mata albarka, shugaba ta kira ta uwa abar koyi.

Yanzu kullum in lokacin tashin makaranta ya yi, sai ta bar abincinta a rufe, ta roƙi abokiyar aiki ta riƙe mata marasa lafiya, ta je ta tsallako da Auta. In ta dawo tana haki, babbar nas ta dubi agogo, ta dube ta.

"Yau ma?"

"A yi haƙuri," in ji Maman Auta, ta wuce wanke hannu.