Goggo Mai Wankan Gawa Ta Kai Ƙara

Shekara talatin da ɗaya Goggo tana wanke matan unguwar nan idan sun mutu. Ba ta taɓa shiga aji ba, ko sunanta ba ta iya rubutawa, amma babu gidan da bokitinta bai shiga ba. Ta wanke jarirai, ta wanke masu jego, ta wanke tsofaffin da suka bushe kamar itace. Da kuka ya tashi a gida, kafin a sanar da liman an aiko mata. Kuma duk tsawon shekarun nan, abin da idonta ya gani a ɗakin wanka bai taɓa fitowa ta bakinta ba.

Sai ga Malama ta tare a unguwar. Yarinya ce, a shekaru Goggo ta haife ta har ta haifi yayarta. Ta buɗe makarantar matan aure a garejin mijinta, ga allo, ga benci, ga littattafai masu kauri. Goggo ba ta damu ba, sai ranar da ta ji wai Malama ta kwantar da 'yar tsanar roba a kan tebur tana koya wa mata wankan gawa.

"'Yar tsana!" in ji Goggo a bakin famfo, don kowa ya ji. "'Yar tsana tana sanƙarewa? Tana nauyi? Tana da 'ya'yan da za su faɗo miki a baya suna ihu?"

Matan suka yi dariya, amma da aka yi mutuwa a gidan kafinta, Malama aka kira. Gidan direba ma ita. Wai wankanta na littafi ne. To na Goggo na mene ne, na kafirai? Bokitinta ya yi wata huɗu a kife har gizo-gizo ya yi saƙa a ciki. In ta hango Malama tafe da farin hijabinta, mata na "Malama, Malama", sai ta ji wani abu ya tokare ta a ƙahon zuci, abinci ma ya daina daɗi. Da ƙanwarta ta ce mata hassada ce, saura kaɗan ta jefe ta da muciya.

"Ni? Da wannan 'yar? Haƙƙina nake bi!"

Ran nan da hantsi uwar makanike ta rasu. Aminiyar Goggo ce ta shekara arba'in, tare suka yi goyo, Goggo ce ta wanke mata uwa da 'ya'ya biyu. Goggo ta share bokiti, ta daka ganyen magarya, ta zauna jiran aike. Shiru. Sai ta leƙa ta ga Malama ta shige gidan.

Ta yafa gyale ta tafi ba gayyata. Matar makanike ta tare ta a ƙofar ɗaki, idanu jajur.

"Yauwa Goggo, gara da kika zo. Ki riƙe mana zane."

Riƙon zane! Aikin da Goggo ke ba wa sababbin shiga! Ka'ida ce, ba a buɗe mamaci: mutum biyu su ɗaga zane a kansa, mai wanka ta sa hannu ta ƙarƙashi. Goggo ta kama ta wajen kai, matar makanike ta kama ta wajen ƙafa ta kau da fuska tana kuka.

Malama ta yi bisimilla ta naɗe hannunta da ƙyalle. Goggo ta kafa mata ido tana jira. Za ta manta matsa ciki. Ba ta manta ba. Za ta fara da hagu. Ta fara da dama. Ruwan ma ba zafi ba sanyi, daidai yadda Goggo ke haɗawa. Wannan ya fi komai ƙona mata rai: ta zo neman kuskure, yarinya ta ƙi yi. Da ta ga hannun Malama ya daɗe a wuri guda, sai ta ce yauwa, ga shi nan. Ta sunkuyo, ta miƙa wuya don ta gani da kyau. Hannunta ya saki. Zanen ya zame har ciki.

A ƙarƙashin nonon hagu akwai wani miki, faɗinsa ya kai tafin hannu, ya ci nama ya zurma. Goggo ta san ciwo. Wannan ya fi shekara. Ashe abin da hannun Malama ke lallaɓawa ke nan tun ɗazu, ba ta ce uffan ba.

Malama ta yi wuf ta mayar da zanen. "Allah Ya sa kaffara ne," ta ce a hankali, ta ci gaba. Ko kallon Goggo ba ta yi ba. Matar makanike kuwa ba ta ga komai ba.

Kafin a ɗauki gawa Goggo ta gama shari'a a ranta: laifin Malama ne. Da ba ta tsaya nuƙu-nuƙu ba, wa zai sunkuya?

Bayan la'asar ta nufi masallaci. Maza sun dawo daga maƙabarta, suna zazzaune a tabarmi a ƙofa, liman a tsakiya. Ko durƙusawa ba ta gama ba ta fara.

"Allah Ya gafarta malam, ƙara na kawo."

"Goggo, yau ranar gaisuwa ce. Ki bari gobe."

"Goben wa? Shekara talatin da ɗaya ina yi wa unguwar nan aiki, ko allura ban taɓa karɓa ba. Uwarka ma ni na wanke ta. Yau an wayi gari ni ce mai riƙon zane? Ka raba ni da yarinyar nan, ka mayar mini da aikina!"

"Wani abu ta yi ba daidai ba?"

"Ba daidai ba? A gabana aka tsiraita baiwar Allah! Zane ya zame, mikin nan na ƙirjinta, wanda ta fi shekara tana ɓoyo, ya fito fili, rami guda haka!" Har da gwadawa da hannu.

Wani ya ɗago kai daga bayan liman. Makanike ne, Goggo ba ta lura da shi ba.

"Goggo," ya ce, "wane miki?"

Bai jira amsarta ba.

"Zazzaɓi ta ce mini. Sau uku ina kai ta asibiti, zazzaɓi take cewa. Kullum da safe sai na shiga na gaishe ta. Shekara guda? Tana ruɓewa a ɗakin da ke kusa da nawa?"

Ya miƙe ya tafi, takalmi ma ƙafa ɗaya ya saka. Mutane suka zame ɗaya bayan ɗaya, aka bar Goggo da liman.

Liman ya daɗe yana jan carbi. Shi ma ya wanke maza ba adadi, ya san aikin.

"Malama ce ke wanka, hannunta na ƙarƙashi. Wa ke riƙe da zanen ta wajen kai?"

Goggo ta kalli ƙasa. Tururuwa na jan wani abu a gefen tabarma.

"Ni ce."

"To."

"Leƙawa na yi. In ga ko za ta yi kuskure."

"Ta yi?"

"Ba ta yi ba, 'yar banza." Sai hawaye.

Liman bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mata sauƙi. Ya ce marigayiya ta rufe abinta shekara guda, Malama ta rufe mata, aminiyarta ce ta buɗe a gaban maza goma sha. Ya ce ba lalacewar hannu ba ce, hannunta lafiya lau, abin a zuciya yake, kuma ba a shiga wurin mamaci da shi.

"Ba za ki ƙara shiga ɗakin wanka ba sai yaron nan ya yafe miki. Sannan bayan kowace salla ki roƙa wa Malama alheri. Da bakinki, ba a zuci ba."

"Ita? Malam, ba gara ka ce in yi azumin wata biyu ba?"

"Azumi kin iya, Goggo. Wannan ne ba ki iya ba."

Washegari da safe ta je garejin makanike. Bai zauna karɓar gaisuwa ba, yana kwance ƙarƙashin wata tsohuwar mota, ƙafafunsa kawai ake gani. Ta tsaya cikin baƙin mai da ƙarafa, ta faɗa da ƙarfi yadda ta saba faɗar komai. Ta ce ita ta saki zanen, ba Malama ba. Ta ce uwarsa ta ɓoye ne don kada ta tayar masa da hankali, ba don ya gaza ba. Ta ce baƙin ciki ne ya ci ta har ta tona asirin aminiyarta, ya yafe mata don Allah.

Ƙarar sifana ta tsaya. Can ya yi magana, bai fito ba.

"Na ji, Goggo. Amma ba yau ba."

"Yaushe?"

"Ban sani ba."

Ta juya. A hanya ta wuce ƙofar makarantar, muryar Malama na tashi, mata na amsawa. Abin nan ya sake tokare ta, nan dai inda ya saba, ko kaɗan bai ragu ba.

Da azahar ta sallame ta zauna a kan darduma. Ta roƙa wa iyayenta, ta roƙa wa aminiyarta, ta roƙa wa makanike sanyin zuciya. Ta ja addu'a ta ja, har ta rasa wanda za ta ƙara sakawa. Hannu na sama, ya fara sagewa.

"Allah," ta ce, "yarinyar nan..."

Ta yi gyaran murya kamar mai ƙaya a wuya.

"Ka ƙara mata ilimi. Ka sa albarka a hannunta." Ta numfasa. "Ka ji na faɗa. Ka kuma san ba da son raina ba ne. To Ka cire mini wannan abin, don ni dai na kasa."