Kunnen Dama na Yaya

Motar mahaifinsu ce, mai dogon hanci, ta girme su duka biyun. Tun safe take harbi ta salansa kamar bindiga, har karen gareji ya shige ƙarƙashin benci. Dogo, ƙanin, ya riga ya kira mai yankan ƙarfe, yana tsugune a bakin ƙofa da tukunyar gas ɗinsa. Dogo ya rantse in ta sake harbi sau ɗaya, yau za a daddatsa ta.

Yaya makaniki ne, ya ce ba mai taɓa ta yana raye. Ya kwance kafireto, ya ciro ɗan goran tagullan nan da ke shawagi a kan fetur, wanda in ya taso yake tura allura ta toshe mai. In ya huje ya sha fetur, nutsewa yake, mai ya yi ta kwarara. Yaya ya girgiza shi a kunnen dama, yadda Baba yake yi. Bai ji motsin komai ba. Ya ce lafiyarsa ƙalau, ya auna tsayinsa, ya mayar.

Dogo ya murɗa makulli. Ta yi tari, ta harba, wuta ta tashi a kan inji. Yaya ya danne ta da jiƙaƙƙen buhu. Bai ɗago ba Dogo ya shaƙo wuyan rigarsa, yana ce masa tsohon banza, saura kaɗan ya gasa shi da rai. Yaya ya gwara masa goshi a hanci. Suka zube cikin baƙin mai, suna naushi, suna cizo. Dogo ya lalubo sifana ya sauke masa a baki. Haƙori ya gangara har gaban mai yankan ƙarfe, shi kuwa ya ɗan janye ƙafa, ya tambaya ko ya kunna wutar yankan.

Dogo ya miƙe, jini na ɗiga daga haɓarsa. Ya fizge murfin kafireton, ya ɓalle goran don ya jefe shi da shi. Yana ɗaga hannu ya ji ruwa na kaɗawa a ciki, cakal-cakal.

Ya tsaya. Kunnen Yaya na dama, shi Dogo ne ya kashe shi da mari, ranar da suka fara rigima a kan motar. Ba wanda ya taɓa tayar da zancen, Yaya kuma bai daina saurare da kunnen ba.

Ya durƙusa ya girgiza goran a kunnen Yaya na hagu. Yaya ya lumshe ido yana saurare, kamar ana ba shi labari.

"Ashe ya sha," ya ce da fasasshen baki.

"Ya sha, Yaya. Ina dalma take, mu liƙe hujin?"

Mai yankan ƙarfe ya saɓa tukunyarsa, ya tsallake haƙorin ya fita.